Shagon tsuntsaye na Tudun Wada da mainar da suka sayar mini

Ba zan kama sunan shagon ba, don mai shi mutumin kirki ne, ko jiya ma a wurinsa na sayo wa tattabaruna abinci. Masu kiwo a Kaduna sun san irinsa: ƙofa ɗaya, rumfar kwano a gaba, kejuna an jera su tun daga ƙasa har rufi. Akwai tattabaru 'yan gida da 'yan waje, akwai kanari da tsirya, da ƙananan akun nan masu launi-launi da ake shigowa da su, sai babban aku guda can a ƙurya wanda ya fi yaron shagon daɗewa a wurin. Na fi shekara 30 ina kiwon tattabara, na shiga shaguna iri-iri tun daga Kawo har Kakuri, kuma hancina ne ya riƙe ni a wannan. Ba ya wari. Duk lokacin da ka je za ka tarar an wanke kwanonin ruwa, an share ƙarƙashin kejuna, tsuntsun da ba shi da lafiya an ware shi gefe guda. A harkar tattabara ban taɓa kama mutumin nan da ƙarya ba. In ya ce maka wannan macen ta fara ƙwai, to ta fara.

Abin da ya zaunar da ni rubutu shi ne wani tsuntsu da na saya a wurinsa wata takwas da suka wuce, wanda ake kira maina.

Ni da maina mun san juna tun kafin nan. Bara waccan na raka Yayana asibiti a Delhi, muka yi mako bakwai. Duk wanda ya taɓa jinya a ƙasar mutane ya san tsawon wuni. In an shiga da Yaya ɗakin gwaji sai in fito in zauna a bakin ciyawar harabar, kuma kullum akwai wasu tsuntsaye biyu da ke kiwo a gabana. Girmansu bai kai na kurciya ba sosai. Jikin ruwan ƙasa, kan baƙi kamar an sa musu hula, baki da ƙafafu ruwan ɗorawa, ga wata fata mara gashi ita ma ruwan ɗorawa a bayan ido, sai ka ce kwalliya aka yi musu. In sun tashi sai wani farin tabo ya buɗe a kowane fiffike. Tafiyarsu ce ta fi ba ni dariya. Takawa suke yi ɗaya bayan ɗaya, ƙirji a gaba, kamar ɗan kasuwar da ya karɓo bashinsa. Ba sa tsoron mutum. Ɗayansu har ƙarƙashin bencin da nake kai yake shigowa ya ɗauki ɓarɓashin biskit. Mai gadin masaukinmu ya gaya mini cewa a wurinsu in ka ga maina guda ɗaya rashin sa'a ne, in biyu ka gani to alheri na tafe. Na ce masa mu dai camfi muke kiran wannan, amma a raina na ji daɗi da kullum bibbiyu nake ganinsu. Da magariba kuma sai su taru ɗaruruwa a bishiyoyin bakin titi su kaure da surutu, ko kiran da ake maka a waya ba ka ji sosai, sai duhu ya rufa su yi tsit.

To ka ga ranar da na shiga shagon na hango irinsa a wani keji, sai na ji kamar na haɗu da wanda muka yi zaman asibiti tare. Mai shagon ya lura. Ya ce, "Alhaji, ai wannan ya fi aku magana. Ta Dubai aka kawo shi." Ya zaro waya ya nuna mini bidiyon wani tsuntsu yana yin sallama da murya sak ta mutum, har da tari da dariya. Na ce masa, "Malam, wannan na cikin wayar ai baƙi ne wuluk, naka kuwa ruwan ƙasa." Ya ce yaro ne, in ya girma zai rikiɗe. A nan ya kamata in tsaya, tunda da idona na ga manyansu a Delhi suna ciyar da 'ya'ya kuma duk ruwan ƙasa ne. Amma zuciya ta riga ta so. Ya sa naira dubu 90, muka daidaita a dubu 70, keji dubu 18, ya ƙara mini mudun gero kyauta wai abincin sati biyu. Yara suka sa masa suna Dogari tun daren farko, saboda wannan takun nasa.

Ɗana da ke karatun ilimin dabbobi a Zariya ne ya warware mini zancen da ya zo hutu. Ashe tsuntsu biyu ne daban ake kira da suna ɗaya, ko da yake dangi ne. Wanda ke cikin bidiyon shi ne mainar tsauni, masana na ce masa Gracula religiosa. Baƙi ne mai sheƙi, bakinsa ruwan lemu, yana da wata fata ruwan ɗorawa mai reto a ƙeya da gefen fuska, tsawonsa wajen santimita 29. Ɗan daji ne na gaske, dajin da ke samun ruwan sama mai yawa, tun daga gindin tsaunukan Himalaya da arewa maso gabashin Indiya har Tailan da Malesiya da tsibiran Indonesiya. Rayuwarsa a ƙololuwar bishiya take, yana bin ɓaure da sauran 'ya'yan itatuwa da ruwan fure, da wuya ya sauko ƙasa, kuma a kan reshe da tsalle yake matsawa gefe-gefe. Shi ne gwanin kwaikwayon muryar mutum. Nawa kuwa mainar gari ne, Acridotheres tristis, mai santimita 23, ɗan gona da bakin kasuwa da rufin gida. Ko shekara nawa zai yi a duniya ruwan ƙasa zai mutu. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma ni da mai shagon duk a cikin duhun muka yi ciniki. Na yarda bai yi don ya cuce ni ba, abin da wanda ya kawo masa ya gaya masa ne ya maimaita mini. Sai dai mai sayar da rai bai kamata ya maimaita abin da bai bincika ba.

Inda na fi jin zafin shagon shi ne wajen abinci. Geron nan da aka ba ni, Dogari yana taɓawa ne kawai don yunwa. Kanari yana ɓare ƙwaya da bakinsa, tattabara tana haɗiye ta ta jiƙa a maƙoshi, shi kuwa maina ba a gina shi don zama a kan tsaba kaɗai ba. Kwana tara ya rame, gashinsa ya tashi. Na koma shagon, yaron ya ce in haɗa masa da abincin kajin gidan gona da ɗan hanta, zai murmure. Allah ya sa kafin in daɗe a kan haka na kai shi wurin wani likitan dabbobi, wanda ya ce in daina nan take. Ya yi mini bayani cewa dangin maina suna da wata matsala: jikinsu yana zuƙar sinadarin ƙarfe daga abinci fiye da kima, ya taru a hanta har ya lalata ta, cikin tsuntsu ya kumbura, numfashi ya yi masa wuya. Ciwo ne sananne ga mainar da ke keji, kuma ba ya nuna kansa sai ya yi nisa. Saboda haka ba hanta, ba jan nama, ba abincin da aka ƙara wa wannan sinadari. Lemu ma ya hana, don bitamin C yana ƙara zuƙar ƙarfen. Fiya kuwa ya ce guba ce ga tsuntsaye, ko kusa.

Yanzu abincinsa ayaba ne da kankana da tuffa in ta samu, dafaffiyar shinkafa, dafaffen dankalin Hausa, wani lokaci farin ƙwai. Amma abin da ya dawo masa da ransa fara ce. Ɗana ya ce sunan nan nasa na masana, kalmar farkon, Acridotheres, ma'anarta mafaraucin fara, kuma ranar da yara suka kamo masa ɗanya daga ciyawar bayan gida na ga dalilin sunan. Ya karkata kai ya dube ta da ido ɗaya, ya cafke ta ta tsakiya, ya yi ta bugawa da ƙasan keji har ƙafafun nan masu ƙaya suka fita, sannan ya juya ta kai ya fara shiga, ya haɗiye, ya goge baki a jikin sanda hagu da dama kamar mahauci na wasa wuƙa. Duka bai kai minti ɗaya ba. Da farkon damina da shinge ya fito, yara suka tara masa a roba a gindin fitila, ya ci har ya kasa waƙa. Kada dai wani ya ji na ce fara ya sayo masa soyayyiya ta bakin titi mai gishiri da yaji. Wannan tamu ce.

Kejin da aka sayar mini shi ma bai dace ba. Dogo ne siriri, irin na aku, wanda ke hawa da baki da ƙafa. Maina ba ya hawan waya. Fili yake so ya taka, don a ƙasarsu rabin wuninsa a ƙasa yake yi yana bin ƙwari a ciyawa, yana bin bayan shanu kamar yadda balbela ke yi a nan. A cikin dogon kejin nan sai ya yi ta faɗowa daga sanda zuwa ƙasa, taku biyu ya ci karo da waya, jelarsa duk ta kakkarye. Ga kashi. Mai cin 'ya'yan itace kashinsa ruwa-ruwa ne, kuma ba ya zaɓar inda zai nufa da shi. Uwargida ta ba ni wa'adin kwana uku in fitar da shi daga baranda, na kuwa fitar. A nan shagon ya wanke kansa, dole in faɗa. Da na je na yi bayani, mai shagon ya karɓi tsohon kejin ya cire kuɗinsa cif, ya haɗa ni da mai waldar da ke yi masa aiki, aka ƙera mini mai faɗi, tsawonsa ya kai mita ɗaya da rabi, da tire a ƙasa da ake zarewa a wanke. Waldar ta yi kyau, ba tsinin waya ko ɗaya, fentin ma bai ɓare ba har yau. Kwana huɗu suka ce, a kwana na biyar aka kawo mini har gida a Keke Napep. In keji kake nema a Kaduna, nan zan tura ka ba tare da shakka ba.

Wanka kuwa ba wanda ya gaya mini, shi ya koya mini da kansa. Na ga kullum yana ƙoƙarin cusa jikinsa a ɗan kofin ruwan sha, sai na sa masa faranti mai zurfin yatsa biyu. Ya shiga ya tsuguna, ya nutsa kai, ya karkaɗa fikafikai har ruwa ya jiƙa mini riga daga inda nake tsaye, ya fito kamar tsumma ya hau sanda yana gyara gashi ɗaya bayan ɗaya. Da hunturu, lokacin da ƙura ke rufe garin nan har ba ka hango ƙetaren Kogin Kaduna, sau biyu yake yi a rana, in rana ta ɗaga da kuma bayan azahar. Da dare ina rufa masa tsohon bargo ta gefen da iska ke bugowa.

Sunan Dogari ya bi shi. In kyanwar maƙwabta ta hau katanga, yana da wani ihu mai kaushi, kamar ana yaga sabon yadi, wanda ko tattabaru sun gane shi, da sun ji sai su tashi sama gaba ɗaya. Shaho ma haka. Wannan halinsu ne a can, su ne masu shelar maciji da mage ga sauran tsuntsaye. Na so shi don wannan. Amma akwai ɗaya fuskar, kuma ita ce dalilin da ya sa nake ganin bai kamata shagon ya riƙa sayar da shi kamar kanari ba.

Wata Asabar ƙaramin ɗana ya manta bai sa sakata ba. Dogari bai gudu ba, ɗakin tattabaru ya nufa. Kafin in iso ya shiga wata tukunya da mace ke kwanci, ya kore ta, ya mirgino ƙwai biyu ƙasa sun fashe, ya tsaya a bakin tukunyar yana kumbura wuya yana kirari. Tattabarar ta ninka shi nauyi, amma ko kusa ba ta iya matsowa. Da tawul na kama shi, ya kuwa sakar mini baki a yatsa.

Da na ba ɗana labari sai ya ce abin da ya yi a tukunyar nan shi ne abin da danginsa suka yi wa ƙasashe. A rami suke sheƙa, kogon bishiya ko ramin bango ko ƙarƙashin rufi, su cusa ciyawa da takarda da leda har da saɓar maciji, su yi ƙwai 4 zuwa 6 masu launin shuɗi-shuɗi, kuma in ramin na da mai shi sai su fitar da shi da ƙwansa da 'ya'yansa. Mutane ne suka yi ta ɗaukarsu daga Indiya suna kaiwa wurare don su cinye musu ƙwarin gona. An kai su tsibirin Morishus a 1762 saboda fara. An sake su a Melbon ta Ostareliya a shekarun 1860, yau sun cika biranen gabashin ƙasar suna ƙwace wa tsuntsayen asali kogunan bishiya. A Afirka ta Kudu daga keji suka kuɓuce a Durban a 1902, yanzu har Johannesbag sun zama 'yan gari. A shekarar 2000 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa mainar gari cikin jerin baƙin halittu 100 mafi ɓarna a duniya, kuma tsuntsaye uku ne kacal a jerin. Sai na tuna da bishiyoyin lambun shaƙatawa na Gamji da tsofaffin itatuwan Unguwar Rimi, da tsiryar da ke sheƙa a kogunansu. Zafinmu bai fi na Delhi ba, bola ba ta yanke mana, rufin kwano mai rami kuwa ko'ina. Tsuntsun da ya iya zama a Delhi da Dubai, me zai gagare shi a Kaduna?

Shi ya sa da mai shagon ya kira ni kwanaki ya ce, "Alhaji, an kawo wani, ka zo ka haɗa masa mata," na ce a'a. Da farko ma shi kansa bai san ko Dogari namiji ne ko mace ba, don a wannan jinsin kamarsu ɗaya, ido ba ya rabewa. Na biyu, na san a ƙasarsu bibbiyu suke rayuwa kuma kaɗaicin yana damuna, amma guda ɗaya in ya kuɓuce zai ƙare kwanansa shi kaɗai. Biyu kuwa wani zance ne. Ya ce to in baƙin nan mai magana nake so zai iya sa a kawo mini. Na tambaye shi takarda, ya ce wace takarda? Mainar tsauni tun 1997 tana cikin rukuni na biyu na yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, wato ba a fitar da ita daga ƙasa zuwa ƙasa sai da izini a rubuce, saboda yadda masu kamawa suka yi ta kwashe 'ya'yanta daga sheƙa har ta yi ƙaranci a wurare da dama. Indiya ma dokarta ta hana kamawa da sayar da tsuntsayen dajinta. Najeriya na cikin wannan yarjejeniya. Na ce masa ba na cinikin biri a sama, balle wanda zai jawo mini magana. Ya yi dariya ya ce, "Alhaji, kai ka zama malamin tsuntsaye." Amma na lura da na koma ya cire gero daga kejin sabon, ya sa masa ayaba.

Saura maganar magana, tunda ita aka sayar mini. Wata takwas ina yi masa sallama safe da yamma, yara na yi, har uwargida da ta kore shi daga baranda na kama ta tana gwadawa. Bai amsa ba ko sau ɗaya. Waƙarsa ta gado dai yana yinta: ya kumbura gashi, ya sunkuyar da kai sau uku ko huɗu kamar mai gaisuwa a fada, sannan ya kwararo wani haɗin fito da gurnani da ƙyaƙƙyatawa. An ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma ɗana ya ce ko mainar tsaunin a daji ba ta kwaikwayon wasu tsuntsaye, kukan maƙwabtanta 'yan jinsinta take koya tun tana ƙarama. Mainar gari ma takan ɗauki kalma ɗaya ko biyu in an rene ta da hannu tun tana 'yar tsako, nawa kuwa da girmansa ya zo. Abin da Dogari ya ɗauka a gidana biyu ne. Ƙarar ƙyauren get ɗinmu da ba a sa wa mai ba, da kukan mitar wuta in kati ya kusa ƙarewa. Na biyun ya iya shi har sau biyu ina fita da tocila cikin dare ina duba mita, ina tarar da ita cike.

Wanda ke son tattabara ko kanari ko keji mai kyau, ya je shagon nan, zai samu gaskiya da sauƙin farashi, kuma in abu ya ɓaci ba sa juya maka baya. Wanda aka nuna wa bidiyo a waya kuwa, ya ajiye wayar ya dubi tsuntsun da ke gabansa: in ruwan ƙasa ne mai baƙar hula, to ya san fara zai riƙa nema da faranti na wanka, kuma ya sayi kwaɗo ya sa wa ƙofar kejin. Nawa na naira 1,500 ne, makullin yana aljihuna.